Na shiga tseren gokat a Abuja, ga yadda na same shi

In kana cikin masu son mota a garin ga namu na Sakkwato, irin waɗanda ko ƙarar inji sunka ji sai sun waiga, to duk ranar da Allah ya kai ka Abuja ka nemi filin gokat ka shiga. Ni dai na shiga, ɗan yayata da ke karatu can ne ya matsa mani, kuma wallahi kuɗina bai tafi a banza ba, duk da akwai abubuwan da sunka ɓata mani rai a wurin kuma zan faɗe su ba ɓoyo.

Ga wanda bai sani ba, gokat wata ƴar ƙaramar motar tsere ce mai kujera ɗaya, ba rufi ba ƙofa ba gilashi, kana zaune kusan a ƙasa tsakaninka da kwalta bai fi ƴan yatsu ba. Babu giyar da za ka canza babu kulocin da za ka taka, ƙafar dama totur ƙafar hagu birki shi ke nan. Injin na nan kusa da kai kana jin zafinshi, kuma da na duƙa na duba sai na ga Honda ne irin GX ɗin nan, dangin injin da manomanmu ke ban ruwa da shi a fadamar Kwalkwalawa da Goronyo. Injin gokat na haya galibi 200cc ne ko 270cc, babban ma ƙarfinshi bai wuce na doki 9 ba. Za ka ce to ina gudun yake? Zauna ciki tukuna. Saboda kusancinka da ƙasa kuma ba abin da ke tare maka gargada, duk wani tsakuwa da taya ta taka sai ka ji shi a ƙashin bayanka, gudun da a cikin Corolla ko a jikinka, a nan sai ka ji iska na neman cire maka kai.

Kafin a sake mu sai da anka tara mu anka yi bayanin tutoci. Kore a tafi, rawaya akwai matsala a gaba ka rage gudu kuma ba a wuce kowa, ja kowa ya tsaya, shuɗiya wani da ya fi ka sauri na bayanka ka ba shi hanya, baƙa kuma kai kaɗai aka nufi, ka fito an kore ka ko za a ja maka kunne. Mai zanen baƙi da fari ita ce ta tashi. Waɗannan ba su sunka ƙirƙiro ba, haka ake yi har a manyan tsere na duniya.

To abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne yadda na ga sababbin shiga ke yi. Mu nan mun ɗauka gudu zuciya ce, wanda ya fi taurin kai shi ke gaba. A cikin filin nan wannan lissafin bai aiki ko kaɗan. Akwai wasu samari da munka shiga tare, daga ganinsu ka san ƴan wasan mota ne, ana ɗaga tuta sunka danne totur har ƙasa, kwanar farko ɗaya ya juya yana kallon inda ya fito ɗaya ya shige cikin tayoyin da anka jera a gefe, sai da ma'aikata sunka zo sunka jawo shi. Dalili kuwa birkin gokat na haya a baya kawai yake, kuma tayoyin baya biyu sanda ɗaya ce ta ƙarfe ta haɗa su suna juyawa tare, ba kamar motar gida ba da ta waje ke iya fin ta ciki gudu a kwana. Don haka in ka taka birki da ƙarfi kana tsakiyar murɗa sitiyari, baya ce za ta zo gaba. In kuma ka shiga kwana da gudun da ya yi yawa ka murɗa, sai gaban ya ƙi bin ka ya tafi miƙe.

Wani yaro cikin ma'aikatan, Bahaushe ne, da ya ji muna Hausa ya matso ya ce mani Yallaɓai ka gama birkinka tun motar na miƙe kafin kwana, ka faro daga gefen waje ka yanko ciki a tsakiyar kwanar sannan ka bar ta ta fita waje da kanta, kuma kar ka haɗa totur da birki lokaci ɗaya kana ƙona kulocin cikin ne kawai. Ya ƙara da cewa in kalli inda nake son zuwa ba tayoyin gefe ba. Wallahi maganar yaron nan ta fi duk bayanin da anka yi mana a ofis amfani. Da na bi ta sai na ji motar ta daina ihu, tayoyi sun daina ƙara, kai kanka ji kake kamar ka rage gudu amma sai ga ka kana cin ma mutane. Wanda ya taɓa sukuwa zai gane, mai yawan fizgar linzami ba shi ke riga isa ba. Kuma ku sani abin na cin jiki, sitiyarin ba mai taushi ba ne, ana tashi hannuwana na rawa wuya ya riƙe, ɗan yayata kuwa da yake ba shi da nauyi duk miƙaƙƙen wuri sai ya tsere mani, muna fitowa ya ce Kawu nauyi ne ba hannu ba, kuma gaskiyarshi don ƙaramin inji na jin kowane kilo.

Kar wani ya ce wasan yara ne. Lewis Hamilton mai kambu har 7 a Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, da gokat ya fara a 1993 yana shekara 8, Max Verstappen tun yana shekara 4 yake ciki, shi ya sa a 2015 yana da 17 har ya shiga Formula 1. Kusan duk manyansu ta nan sunka biyo.

Yanzu abin da bai yi mani ba. Na farko hular kwano, wadda anka miƙo mani jiƙe take da zufar wani kuma gilashinta duk ya karce, sai da na nemi canji, kuma ba su ba da ƴar hular yadin nan da ake sawa ciki sai ka tambaya. Na biyu motocin ba ƙarfinsu ɗaya ba, wata na ja wata ta gaji birkinta ya yi laushi, to ina adalcin tsere a nan tunda kuɗi ɗaya kowa ya biya? Bayanin tutocin ma da Turanci anka yi shi a gurguje, na ga wani dattijo da ɗanshi suna gyaɗa kai kawai kuma na tabbata ba su kama duka ba, alhali maganar rai ce. Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne haɗa ƙananan yara da manya a shiga ɗaya da sunka yi da layi ya yi tsawo, wannan ganganci ne, ya kamata su daina. Allon da ke nuna lokacin kowane zagaye shi ma yana ɗaukewa yana dawowa, kuma shi ne fa abin da ɗan koyo ke dubawa ya san ko hannunshi na gyaruwa. Kuɗin kuma ba na talaka ba ne in ka duba ƴan mintocin da ake ba ka, kana fara gane hanya ake ɗaga tutar tashi.

Maganar kaya, don Allah kar wanda ya je da babbar riga ko kaftani mai jan ƙasa ko silifas. Sarƙa da sandar tayar baya na juyawa a bayanka kusa ƙwarai, duk abin da ke lilo za su iya naɗe shi. Ƴan uwa mata su tura gyale ko hijabi gaba ɗaya cikin riga, in ma'aikatan ba su duba ba ke ki duba da kanki.

Tun da na dawo nake tunanin yaranmu da ke wasan mota ranar kai amarya a baifas da titin Maiduguri, ga ƴan kabu-kabu ga masu tafiya ƙasa, kowa ya san gidajen da anka yi zaman makoki saboda haka. Yaran nan da yawansu suna da hannu wallahi, wuri ne ba su da shi. Fili dai ba mu rasa ba, ta wajen Dange ko hanyar Bodinga, injin kuma bakanikenmu sun san cikinshi tun ba yau ba. Mai kuɗin da zai yi shi a nan sai dai ya sa fitilu a riƙa yi bayan la'asar zuwa dare, don ba mai iya sa hular kwano da azahar a watan Afrilu zafi ya haura 40, kuma lokacin hunturu dole a riƙa share kwaltar don ƙura na sa santsi. Kafin nan wanda zai je na Abuja ya je ranar aiki ba Asabar ko Lahadi ba, layi ya fi sauƙi, ya tafi da takalmi sau ciki da ruwan sha, kuma ya taka birkin motar da anka ba shi ya ji ƙarfinshi kafin a sake shi.