Na je da ciwon wuya, aka ce in buɗe baki

Ni tela ne, shekara 16 ke nan ina kan keke a Fagge. Duk wanda ya san sana'ar nan ya san ciwon wuya da na baya kamar haraji ne, kowa yana biyan nasa ba tare da ƙorafi ba. To amma nawa ya wuce gona da iri a azumin bara. Ciwon yakan taso daga ƙeya ta ɓangaren dama, ya bi ta bayan kunne, ya je ya zauna a gefen goshi. Da asuba in na tashi sahur sai in ji muƙamuƙina ya yi tsami kamar na kwana ina tauna ganda. In na yi hamma sai in ji ƙas a gaban kunne. Shi kansa kunnen kullum kamar ruwa ya shiga bai fita ba.

A lissafina cuta uku ce ta haɗu mini. Wuya na keke ne, kunne na sanyin fanka, muƙamuƙi kuma wataƙila rami ne a haƙori. Haka na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na sha maganin kemis har cikina ya fara zafi, na shafa man zafi har yarana suna toshe hanci, wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya. Bayan sallah likitan kunne ya leƙa ya ce kunnena garau yake. Likitar haƙori ba ta ga rami ko ɗaya ba, sai dai ta nuna mini a madubi yadda kan haƙorana na gaba ya side kamar an goga a dutse, gefen harshena kuma duk shatin haƙori. Ta tambaye ni ko ina cizon haƙora a barci. Na ce a'a. Da na koma gida na ba uwargida labari sai ta yi dariya, ta ce ai ta daɗe tana ji, har ta taɓa zaton ɓera ne a bayan gado.

Likitar ta ba ni takarda zuwa sashen gashin ƙashi, amma kafin in je sai na yi wayo irin namu. Na ga wata mai sayar da kaya ta intanet tana tallan robar da ake sawa a baki da dare, na saya. Bari in fara da ita domin sharhinta gajere ne. Ana tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, ka ciza ta ɗauki shatin haƙoranka. Ta yi kauri, tana sa yawu ya yi ta zuba, kuma saboda laushinta sai bakina ya mai da ita cingam. Ina tashi da tsamin da ya fi na da. Dare uku na tsince ta a kan filo, ban san lokacin da na tofar ba. Ana kwana goma na jefa ta a durowa. Ba na cewa kowace roba haka take, akwai mai tauri wadda likitan haƙori ke aunawa ya yi wa mutum daidai bakinsa, kuma tana kare haƙori daga sidewa. Amma wannan ta kasuwa, a wurina, asarar kuɗi ce.

Bayan babbar sallah na ɗauki takardar na tafi sashen gashin ƙashi na wani asibitin gwamnati a nan Kano. Abin da nake tsammani shi ne a kwantar da ni a gasa wuyan, a murza, in tafi. Matashin likitan da na samu ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malam, buɗe bakinka iya ƙarfinka.”

Na ce, “Likita, wuya na kawo.”

Ya ce, “Na ji. Buɗe dai.”

Ya ɗora yatsunsa a gaban kunnuwana biyu, na buɗe, muka ji ƙas ɗin tare. Ya ɗauko ƙaramar rula ya auna tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, milimita 31. Ya ce yawancin manya suna kai 40 zuwa sama, kuma gwajin gida shi ne mutum ya jera yatsunsa uku a tsaye su shiga baki. Nawa biyu suka shiga, na ukun ya ƙi. Daga nan ya kama wata tsoka mai kamar igiya da ta taso daga bayan kunne ta sauko zuwa ƙashin saman ƙirji, ya matsa tsakiyarta. Wallahi a cikin kunne na ji zafin, da gefen goshi, daidai wurin da ya hana ni barci wata uku. Hannunsa yana wuya, ciwon yana fuska.

Bayanin da ya yi mini shi ne abin da ya fi komai daraja a duk zuwan da na yi. Ya ce jijiyar da ke ɗaukar saƙon ji daga fuska da muƙamuƙi, wadda suke kira tirajeminal, ita ce ta biyar cikin 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Saƙonta da na jijiyoyi uku na saman wuya duk a tasha ɗaya suke sauka kafin su wuce sama. Ni dai na fahimce shi kamar gida biyu masu zuba ruwa a kwata ɗaya, in ta cika ta yi ambaliya ba ka iya cewa ruwan wane gida ne. Shi ya sa ciwon wuya kan bayyana a muƙamuƙi, na muƙamuƙi kuma ya bayyana a ƙeya. Ya sa na ɗaga kaina sama in haɗa haƙora a hankali, sannan in sunkuyar in sake haɗawa. Inda suke fara taɓa juna ya bambanta. Wanda yake karanta wannan ya gwada yanzu, zai ji da kansa. Kai kuwa nauyinsa ya kai wajen kilo 5, in ka miƙa shi gaba kana bin allura awa goma, tsokokin ƙeya ne ke riƙe da shi, na ƙarƙashin haɓa kuma suna jan muƙamuƙi baya. Batun kunne ma ashe tsohon labari ne, tun 1934 wani likitan kunne a Amurka mai suna James Costen ya rubuta a kan masu kukan kunne alhali matsalar tana mahaɗar muƙamuƙi.

Sai ya shiga yi mini tambayoyi kamar wanda ya taɓa zama a shagona. Ina kake ajiye fil in kana gwada kaya? A baki. Da me kake tsinke zare? Da haƙori. In kwastoma ya kira kana ɗinki, yaya kake riƙe waya? Tsakanin kunne da kafaɗa, ta dama. Goro fa? Nan na yi shiru.

Zuwa takwas na yi cikin sati shida. Abin da ya yi mini aiki da gaske hannu ne da motsa jiki. Yakan sa safar hannu ya zura babban yatsa cikin kumatuna, ya kama tsokar tauna ta ciki da waje ya matse ta a hankali. Ranar farko hawaye ya zubo mini ba da niyya ba, amma ina fita na ji bakin ya saki. Sai ya koma saman wuya, can ƙasan ƙoƙon kai, ya yi ta motsa shi kaɗan-kaɗan. Babu fizga, babu irin ƙarar nan da ake nunawa a bidiyo. Ya kuma ba ni aikin gida, wani tsari da wani masanin gashin ƙashi ɗan ƙasar Chile, Mariano Rocabado, ya fito da shi: motsi shida, kowanne sau shida, sau shida a rana. A ciki akwai ɗora harshe a ganɗar sama kamar za ka ce “na”, ka buɗe baki a hankali ba tare da harshen ya bar wurin ba, akwai jan haɓa baya kamar mai son yin haɓa biyu, akwai matse allon kafaɗu. Na ce masa sau shida ai mantawa zan yi. Ya ce, “Salla nawa kake yi a rana?” Na ce biyar. Ya ce, “To bayan kowace, sai na shida in za ka kwanta.” Da wannan dabarar na riƙe.

Akwai kuma doka ɗaya da ya nanata: leɓe a haɗe, haƙora a rabe. In ba tauna ko haɗiya ake yi ba, bai kamata na sama da na ƙasa su taɓa juna ba. Ni ban taɓa sanin haka ba. Na rubuta da allin tela a jikin kekena, kuma a satin farko duk sanda idona ya kai wurin sai in tarar na datse su gam, musamman in ina ɗinkin wuyan riga ko kwastoma yana tsaye a kaina. Sati uku ya hana ni rake, aya, kilishi da cingam. Goro ne muka yi ciniki a kansa, daga ƙarshe na sayi magogi irin na tsofaffi. Yaran shago har yau suna kirana Baba saboda shi.

Yanzu ga inda wurin ya gaza. Layi. Nakan je ƙarfe bakwai, a kira ni sha ɗaya, kuma ga mai sana'ar hannu rabin yinin nan ya fi kuɗin katin tsada nesa ba kusa ba. Na biyu, cikin zuwa takwas sau biyar kawai na samu likitan farko. Sauran ukun wasu ne daban, kuma biyu daga ciki ba su ko taɓa muƙamuƙin ba, suka kunna mini jar fitilar nan mai zafi a wuya minti 15 suka sallame ni. Ɗumin yana da daɗi, amma kafin in iso shago ya tafi, kuma da tsumma da ruwan ɗumi ina samun irinsa a gida. Wata rana ma injin da ke sa tsoka ta yi zir-zir aka ɗaura mini, wuta ta ɗauke a tsakiya, shi ke nan an gama. Takardar motsa jikin da suka ba ni da Turanci take, hoton ya dushe saboda yawan kwafi. Da ban sa yarona ya ɗauke ni bidiyo ina yi a gaban likitan ba, da na rikita su. Shawarata ga mai zuwa, ya tambayi ranakun da wanda ya fara duba shi yake aiki, ya riƙa zuwa a ranakun, kuma ya faɗa da bakinsa cewa har da muƙamuƙi.

Ƙanena da ke karatun jinya ya nuna mini shawarar da mujallar likitoci ta BMJ ta Ingila ta fitar a 2023 kan daɗaɗɗen ciwon muƙamuƙi. Abubuwan da suka sa a gaba su ne irin waɗannan: motsa muƙamuƙi da gyaran zama ƙarƙashin kulawar masani, matsa tsoka da hannu, da koya wa mutum yadda zai sarrafa damuwa. Robar baki ba ta cikin waɗanda suka ƙarfafa don maganin ciwon. Na ce masa ina ma ya nuna mini tun kafin in tura wa matar nan kuɗi.

Ranar ƙarshe rular ta nuna 42, yatsu uku sun shiga. Ciwon kai na safe ya tafi, nauyin kunne ya tafi, ina iya waiwaye a kan babur ba sai na juya duk jikina ba. Ƙas ɗin dai yana nan wani lokaci, likitan ya ce matuƙar babu zafi kuma bakin ba ya maƙalewa, in rabu da shi. Amma ya ja mini kunne a kan wasu alamomi da ba na sashensu ba ne: kumburi da zazzaɓi, baki ya kulle bayan an ji rauni, hannu ya riƙa mutuwa, ko ciwon muƙamuƙi ya zo tare da nauyin ƙirji da gumi. Waɗannan a wuce wurin likita nan take.

Gwajin gaskiya azumin bana ne. A goman ƙarshe, da kaya suka taru muna kwana a shago, tsamin ya fara dawowa. Na duba sai na ga na bar motsin kwana tara, kuma ga fil uku a bakina. Na koma yi, cikin kwana huɗu ya lafa. Teburin keken yanzu yana kan katako biyu da kafinta ya yanka mini don kada in riƙa sunkuyawa sosai, fil suna kan maganaɗisun da na ciro daga tsohuwar sifika, almakashin zare kuma na rataye shi a wuya da igiya. Babban yarona na shago, wanda ya fi kowa yi mini dariyar magogi, shekaranjiya na gan shi yana gwada yatsu uku a bakinsa a bayan labule.