Glock 19 ko SIG P365: wacce ta fi zama a hannu, wacce ba ta cijewa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Tunda ka ce kana da katin zama na dindindin a Amurka, kana Houston, kuma wannan ce bindigarka ta farko, kuma kana tambaya wacce za ka saya cikin fistol biyun nan, wato bindigogin hannu, to tsakanin Glock 19 da SIG P365 ɗauki 19. 'Yan'uwa da ke nan gida Katsina, ku ma ku karanta har ƙasa, domin dokarmu daban take da ta can.

Duka biyun harsashi ɗaya suke ci, 9mm. Glock 19 ta fito a 1988 daga Ostiriya. Tsawon bututunta milimita 102, magazin ɗinta, wato gidan harsashi, yana ɗaukar harsashi 15, nauyinta babu harsashi kusan giram 670, idan an cika ta kuma takan kai 850 ko ta ɗan haura. P365 ta fito a 2018, ana ƙera ta a jihar New Hampshire. Bututunta milimita 79, gajeren magazin ɗinta harsashi 10, nauyinta kusan giram 500, a cike wajen 620.

Da yawa suna ɗauka ƙaramar bindiga ta fi sauƙin harbawa, alhali ita ce ta fi wahalar da hannu. Ƙarfin da albarushi ya yi amfani da shi ya tura kan harsashi gaba, da shi yake tunkuɗo bindigar baya. Kan harsashi mai giram 8 yana fita da gudun kusan mita 350 a daƙiƙa ɗaya, kuma babu abin da ke shanye wannan bugu kafin ya iso tafin hannunka sai nauyin bindigar. Auna 850 da 620, za ka ga tunkuɗar P365 ta ɗara ta 19 da kusan kashi ɗaya cikin uku, da harsashi iri ɗaya. Haka lissafi ya nuna. A hannu kuwa bambancin ya fi haka, saboda mariƙi.

Tsayin 19 daga saiti, wato ɗan tsinin saman bindiga da ake auna bara da shi, zuwa gindin magazin milimita 128 ne, na P365 kuwa 109. Waɗannan milimita 19 su ne mazaunin ɗan ƙaramin yatsanka. A kan 19 yatsu uku suna zama daram a ƙarƙashin kunama, kuma akwai fili a gefen hagu inda tafin ɗaya hannun zai manne. A kan P365 da gajeren magazin, mai babban hannu yakan bar ƙaramin yatsa yana lilo, tafin hagu kuma ya hau kan yatsun dama maimakon jikin bindiga. Kamar mutum ne ya kama ƙotar gatari da yatsu biyu ya ce zai yi faskare. Da an harba sai bakinta ya ɗaga sama, ta ɗan murɗe a hannu, sai ka sake gyara riƙo kafin harbi na biyu. Ga kuma tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya: kusan milimita 153 a 19, wajen 124 a P365. Gwargwadon gajartar wannan tazara, gwargwadon yadda ƙaramin kuskuren ido ke zama babban kuskure a jikin allo.

Abin da ya fi damuna da sabon hannu shi ne razana. Idan bindiga tana cizon tafi, jiki yakan koyi kare kansa tun kafin ta tashi. Sai mutum ya runtse ido, ya danne bakinta ƙasa daidai lokacin da yake jan kunama, harsasai su riƙa sauka ƙasa da hagu idan na-dama ne. Wannan ɗabi'a tana shiga da wuri, fitar da ita kuma yakan ɗauki lokaci. Masu koyarwa suna gano ta da dabara mai sauƙi: a cusa harsashin roba marar albarushi guda ɗaya ko biyu a tsakiyar magazin ba tare da mai harbin ya san gurbinsu ba. Idan ya iso kansu, bindiga ba za ta tashi ba, amma kowa zai ga bakinta ya duƙa. A filin atisaye abu ne da aka saba gani, mutum ya zo da ƙaramar bindiga yana watsa harsashi ko'ina a mita bakwai, a miƙa masa 19, kafin magazin biyu su ƙare harbinsa ya taru wuri ɗaya kamar faɗin tafi, fuskarsa ta saki. Bindigar da ba ka jin tsoron harbawa ita za ka riƙa zuwa atisaye da ita.

Ko wacce ka ɗauka, riƙon ɗaya ne. Hannun dama ya hau can sama har ya tokare da lanƙwasar bayan mariƙi, kada a bar rata. Hannun hagu ya cike filin da ya rage, shi ne ma zai fi matsewa. Manyan yatsu biyu su kalli gaba, kada na hagu ya ratsa ta bayan silaid, wato marfin saman nan mai zamewa, domin idan ya dawo baya yana yanka fata. A ƙulle wuyan hannu, a ɗan sunkuyo da ƙirji gaba.

Harsashin 9mm da za ka tarar a shago galibi nauyi uku ne, a kwali za ka ga 115, 124 ko 147, wato kusan giram 7.5, giram 8 da giram 9.5. Fara da 115 ko 124 na atisaye. Wanda aka rubuta wa +P an ƙara masa matsi, yana ƙara tunkuɗa da ƙara, yana kuma gajiyar da sifirin da wuri. Ba ka buƙatarsa yanzu.

Maganar aminci, nan ne 19 take da tarihin da ba a jayayya da shi. Yayarta Glock 17 sojojin Ostiriya suka karɓa a 1982, sojojin Birtaniya suka koma mata a 2013, hukumar FBI kuma ta zaɓi samfurin 17 da 19 a 2016. Sassanta duka-duka talatin da 'yan kai ne. Tana aiki da ɗan mai kaɗan, tana jure datti da gumi, kuma magazin ɗin 17 mai harsashi 17 yana shiga cikinta ya yi aiki. Kube, sifirin, saiti, duk shagon bindiga da ka shiga a Texas akwai nata, duk mai gyara ya san cikinta. Kada ka raina wannan. Ranar da wani ƙaramin abu ya karye, ba za ka zauna jiran saƙo ba.

P365 ba bindigar banza ba ce. Harsashi 10 a jiki mai kaurin kusan milimita 26 abin yabo ne, kuma ta fi ɓuya a ƙarƙashin riga mai shara-shara a zafin Houston. Waɗanda aka fara fitarwa a 2018 an yi ta korafin karyewar allurar da ke dukan gindin harsashi, kamfanin ya gyara daga baya. Bindiga ce ta wanda hannunsa ya riga ya faɗa. Idan zuciyarka ta nace sai SIG, nemi P365XL ta 2019, mai bututu milimita 94 da harsashi 12, ta fi cika hannu.

Dalilin da ya sa ƙananan bindigogi suka fi saurin cijewa a fili yake. Silaid ɗinsu gajere ne kuma marar nauyi, yana tafiya da sauri a ɗan ƙaramin fili, saboda haka lokacin da magazin ke da shi na ɗago sabon harsashi kaɗan ne. Ana sa musu sifirin mai tauri don a rage gudun, shi ya sa ma jan silaid ɗinsu da hannu ya fi wuya. Idan wuyan hannunka ya yi laushi, jikin bindigar sai ya bi silaid baya, ƙarfin ya salwanta, kwanso ya kasa fita ya tsaya cak a bakin tagar da yake fita ta cikinta. Wannan laifin riƙo ne, kuma bindiga marar nauyi ba ta yafe shi kamar mai nauyi. Idan kuma harsashi ne ya ƙi hawa bututu, fara zargin magazin: leɓensa ya buɗe, ko sifirin ɗinsa ya mutu, ko ba a buga shi ya zauna ba. Sa wa kowane magazin lamba a gindi, wanda ya cije sau biyu ka fitar da shi daga aiki. Idan silaid ya ƙi tsayawa a buɗe bayan harsashin ƙarshe, duba babban yatsanka, galibi shi ne ya kwanta a kan ɗan ƙarfen da ke riƙe silaid a buɗe, kuma hakan ya fi faruwa a ƙaramar bindiga saboda ƙarancin fili.

Akwai cijewa ɗaya da ba a gaggawa da ita. Idan ka ja kunama ka ji ƙara mai rauni, tunkuɗar ma ba ta kai yadda ka saba ba, tsaya. Mai yiwuwa kan harsashi ya maƙale a cikin bututu. Harba na biyu a kansa yana fasa bututu, yana raunata hannu da ido. Cire magazin, buɗe silaid, a duba.

Mai kuwa ɗigo biyar ko shida ya ishi Glock: kan layukan da silaid ke gudu, jikin bututu, da mahaɗin kunama na baya. Kada mai ya shiga ramin allura, yana tara datti ya rage ƙarfin dukanta. Mu da muka san ƙurar hunturu ba sai an faɗa mana abin da mai ke yi idan ya haɗu da ƙura ba. Ku a can kuma danshi da gumi ne abokan gaba, a goge ta da ƙyalle kowane mako ko ba a harba ba. Sifirin ɗin da ke mayar da silaid yana da wa'adi: masu gyara sukan canza na 19 a wajen harbi 5,000, na ƙananan kuma tun kafin nan.

Aibin Glock guda ɗaya da ba zan ɓoye maka ba: sai an ja kunama kafin a kwance ta don wanki, kuma ba ta da makullin da ake turawa da yatsa, kariyarta uku duk da kansu suke aiki. Mutane sun harbi ƙafarsu a ɗakinsu saboda wannan. Tsarin ba ya canzawa: cire magazin tukuna, ja silaid sau uku, ƙulle shi a buɗe, duba da ido, taɓa da yatsa, harsasai kuma suna wani ɗaki. P365 ba ta buƙatar jan kunama wajen kwancewa, wannan kam ta ci. Sayi kube mai tauri da ya rufe kunama ruf, da akwatin ƙarfe mai makulli tun kafin bindigar ta shigo gida, musamman da yake akwai yara.

Kafin ka biya, je filin harbi mai bayar da haya, ka harba hamsin-hamsin a kowacce a mita bakwai, ka ajiye allunan ka kwatanta. Bayan ka saya, kada ka amince mata sai ta cinye harsashin atisaye 300 da kuma 50 na irin wanda za ka riƙa ajiyewa a cikinta, ta kowane magazin, ba tare da cijewa ba. Texas ta daina tilasta lasisin ɗauka tun Satumbar 2021, amma ka shiga aji duk da haka, a can ne za a koya maka inda doka ta hana shiga da ita da kuma lokacin da ta halatta a zaro ta.

Yanzu 'yan kasuwa. Sayi a shagon da ke da lasisin gwamnatin tarayya, inda za ka cike fom mai lamba 4473, a bincika sunanka, a ba ka rasit. Wanda ya ce ku haɗu a wurin ajiye motoci, kuɗi hannu, babu takarda, yana iya miƙa maka ta sata ko wadda aka yi ɓarna da ita. Wanda ya ce ka saya masa da sunanka domin shi takardunsa ba su cika ba, ko ɗan garinku ne, ka ƙi, babban laifi ne. Haka masu tallan ɗan ƙarfen da ke mayar da Glock mai aman wuta ba tsayawa da ja ɗaya, riƙe shi kaɗai yana kai mutum ɗaurin shekara 10. Kai mai katin zama ne, laifin bindiga yana sa a kore ka daga ƙasar. Jabun magazin ma sun cika intanet, da tambari da komai, arharsu ce ke tona su. Idan ta hannu za ka saya, haska cikin bututu ka nemi kumburi ko tsatsa, tabbatar lambar jiki ba a kankare ta ba, kuma kada ka karɓi wadda aka taɓa wa kunama.

'Yan'uwa na gida, na san abin da mutanen Jibiya, Batsari da Safana suka gani, na san dalilin da wasunku ke bibiyar wannan magana. Amma a Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959, fistol da rabolba suna sahun haramtattun makamai, Shugaban Ƙasa kaɗai ke da ikon ba da lasisinsu, kuma hukuncin riƙe su ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba. Duk wanda ya ce zai kawo maka fistol haɗe da takarda, takardar bogi ce. Abin da ke yawo a hannun irin waɗannan dillalai sau da yawa ƙirar gida ce da aka buga wa sunan kamfani, ko bindigar ƙara, wato wadda ƙara kawai take yi ba ta fitar da kan harsashi, da aka sauya, ƙarfenta ba na ɗaukar matsin harsashi ba ne, tana fashewa a hannun mai ita. Kai ma ƙanena, kada wani ya roƙe ka ka turo masa a cikin mota ko kwantena, laifi ne a ƙasashen biyu. Abin da doka ta buɗe wa farar hula shi ne irin mai baki ɗaya ko baki biyu ta farauta da lasisin Sufeto Janar, da adaka da lasisin Kwamishinan 'Yan Sanda. A 2023 ma an sanar da dakatar da ba da sabbin lasisi, saboda haka mai nema ya fara zuwa hedikwatar 'yan sanda ta jiha da ƙafarsa ya ji halin da ake ciki kafin ya ba kowa ko sisi.