Korar dinyar Kanada: ka ɗauko mai kare ko ka saki naka?

Duk wanda ya zauna kusa da tafki a Amurka ko Kanada ya san dinyar Kanada, mai baƙin wuya da farin tabo a haɓa. Garke ɗaya ya sauka a filinka, cikin mako guda ba ka da inda za ka taka sai kan koren kashinta. Idan kuma lokacin ƙwai ne, wajen Maris zuwa Mayu, namijin zai miƙe wuya yana huci ya yi kan yaro ba tsoro.

Kafin ka taɓa aljihunka, san doka. A Amurka dokar kare tsuntsaye masu ƙaura ta 1918 ta hana kashe ta, ko ji mata ciwo, ko fasa ƙwanta ba tare da izinin hukuma ba. Kora kawai aka yarda ka yi. To a nan karen gida yake jawo wa ubangidansa magana. Shi in ya bi abu, kamawa ce a ransa. Tsakanin Yuni da Yuli dinya takan zubar da gashin fukafukinta, ta yi makonni ba ta iya tashi, ga 'ya'ya a bayanta. Ka saki kare a wannan lokaci, ya cafko ɗaya, laifin a wuyanka yake.

Masu sana'ar korar dinya da kare galibi da border collie suke aiki, karen kiwon tumaki ne daga iyakar Ingila da Sikotlan. Na tsaya na kalli ɗaya da sassafe a bakin wani tafki. Ko haushi bai yi ba. Ya kwantar da ƙirji ƙasa, ya kafe garken da ido, yana matsowa a hankali kamar mai farauta. Dinyoyin suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka tashi. Mai shi ya yi fito sau ɗaya, kare ya kwanta inda yake. Wannan tsayawar ita kake biya wa kuɗi. Da irin karnukan nan hukumar kula da wuraren shaƙatawa ta Amurka ta fara korar dinya daga filin National Mall da ke Washington a 2015.

Sai dai kuɗin ba na rana ɗaya ba ne. Dinya tana da wayo, idan aka kore ta sai ta faɗa tsakiyar ruwa ta jira a tafi. Shi ya sa dole a riƙa zuwa kullum, wani lokaci safe da yamma, ana sauya sa'a, har ta fitar da rai daga wurin. Saboda haka ka tambayi mai karen: karenka yana shiga ruwa? Kana da ƙaramin kwalekwale? Sau nawa za ka zo a mako, kuma me kake yi idan sun riga sun yi sheƙa? Kana da inshora idan kare ya ciji wani? Wanda ya ce zuwa biyu ya gama aikin, ka bar shi ya wuce.

Karen gida yana da ranarsa: ƙaramar farfajiya mai shinge, babu ruwa kusa, kuma yana dawowa da kira ɗaya. Amma kada ka sayi kare don dinya kawai. Abinci, allura, likita da yawo kullum na shekara goma ko fiye suna jiranka, ga shi yawancinmu ba mu saba kwana da kare a ɗaki ba.

Idan filin makaranta ne, ko harabar masallaci mai tafki a gefe, ni dai mai kare zan ɗauko, tun ƙarshen sanyi kafin su fara sheƙa. Sannan a bar ciyawar bakin ruwa ta yi tsawo, domin dinya ba ta son wurin da ba ta hango abin da ke tahowa, kuma a hana yara jefa musu burodi.