Manhajar YouVersion a Gidanmu: Abin da Na Gani Cikin Wata Shida

Saboda 'yata ta fari na sa manhajar YouVersion, ta karatun Littafi Mai Tsarki, a wayata. Shekararta 16, tana ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawar JAMB da ta WAEC suna tafe, amma duk lokacin da aka ambaci littafin lissafi sai ta ce, "Baba, gobe zan fara." Na yi faɗa, mahaifiyarta ta yi lallashi, goben kuwa ba ta zo ba. Na ɗauki abin a matsayin lalaci, har sai da wani abokin aikina, wanda yake kula da zumuntar matasa a majami'arsu, ya ba ni shawarar mu gwada tsarin karatun Littafi Mai Tsarki na kwanaki kaɗan a waya, ni da ita tare. Yanzu wata shida ke nan muna amfani da manhajar, kuma ina ganin na san ta sanin da zai ba ni damar faɗa wa iyaye 'yan'uwana amfaninta da kuma inda iyakarta take.

Ga wanda bai san ta ba, wata ikilisiya ce mai suna Life.Church da ke jihar Oklahoma a Amurka ta ƙirƙire ta, a ƙarƙashin jagorancin Bobby Gruenewald, kuma ta fito a waya a shekarar 2008. Kyauta ce, babu tallace-tallace a cikinta, kuma a shekarar 2021 masu ita suka sanar cewa an sauke ta a wayoyi sau miliyan 500. Abin da ya fi jan hankalina shi ne akwai Hausa a cikinta. Na tarar da fassarar Littafi Mai Tsarki da muka saba ji a sujada, na kuma tarar da Sabon Rai Don Kowa, wadda ƙungiyar Biblica ta fitar, mai sauƙin Hausa ga yaran da suka tashi a birni. Idan na tuna cewa sai a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa karo na farko, bayan shekaru da Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka yi suna fama da fassarar, nakan ji nauyin ganin fassara fiye da ɗaya a tafin hannun yarinya, tana iya jera su gefe da gefe ta kwatanta aya ɗaya. Bayan mutum ya buɗe asusu na kyauta yana iya sauke fassarar a wayarsa ya riƙa karantawa ba tare da data ba, wannan kuwa ba ƙaramin sauƙi ba ne ga gidan da ake lissafin kuɗin data kamar yadda ake lissafin kuɗin cefane.

Sashen da ya shafi matsalarmu shi ne na tsare-tsaren karatu. Mutum yana rubuta kalma kamar tsoro ko damuwa a wurin bincike, sai jerin tsare-tsare su fito, wasu na kwana 3, wasu na kwana 7, wasu na wata guda, har da na shekara. Kowace rana akwai gajeren bayani da ayoyi kaɗan, kuma duka ba ya cin fiye da minti goma. Ana iya gayyatar wani a yi tsarin tare, kuma a ƙarshen karatun kowace rana akwai wurin da kowa zai rubuta abin da ya fahimta, sauran su gani. Wannan ƙaramin wurin rubutu shi ne ya fi komai amfani a gidana, domin a nan na gano abin da watanni na faɗa suka kasa nuna mini.

A rana ta huɗu karatun ya kai mu misalin talanti a Matiyu sura 25, inda maigida ya raba wa bayinsa uku dukiya kafin ya yi tafiya, biyu suka juya nasu suka sami riba, na ukun kuwa ya haƙa rami ya binne nasa. Na sha jin wa'azi a kan wannan bawa, kuma kullum abin da yake tsaya mini a rai shi ne an kira shi malalaci. Ita kuwa 'yata aya ta 25 ta kama, inda bawan da bakinsa ya ce tsoro ya ji, shi ya sa ya ɓoye kuɗin a ƙasa. Ta rubuta cewa ita ma ba ƙin karatu take yi ba, duk lokacin da ta buɗe littafin lissafi sai ta ga kamar ta riga ta faɗi, kuma muddin ba ta buɗe ba tana iya ci gaba da gaya wa kanta cewa da ta karanta da ta ci. Ta ƙara da cewa abin da ya fi ba ta tsoro shi ne fuskata ranar da sakamako zai fito. Ba ta taɓa faɗa mini haka baki da baki ba, kuma na san dalili: a tarbiyyarmu ɗiya ba ta kallon idon mahaifinta ta ce masa shi take tsoro. Rubutu a waya ya ɗauke mata wannan nauyin, ni kuma ya ba ni damar karantawa sau uku kafin in amsa.

Daga nan na fara lura cewa Littafi Mai Tsarki yana yawan haɗa tsoro da jan ƙafa wuri guda. Musa a gaban kurmi mai cin wuta ya yi ta kawo uzuri bayan uzuri, har ya roƙa a aiki wani. Gidiyon yana sussukar alkama a ɓoye a wurin matse inabi saboda Madayanawa lokacin da aka kira shi jarumi. Mutanen zamanin Haggai sun ce lokacin gina Haikali bai yi ba tukuna, alhali sun gama gyara gidajensu. Sura 11 ta Mai Hadishi ta ce wanda ya tsaya duban iska ba zai yi shuka ba. Duk waɗannan wurare na san su tun ina makarantar Lahadi, amma tsarin karatun ne ya jera mini su kusa da juna har na ga zaren da ya ɗaure su. Ya kuma tilasta mini in dubi kaina, gama laifi tudu ne. Na shekara biyu ina ɗage zaman da ya kamata in yi da ɗana mai shekara 13 a kan abokan da yake bi da abubuwan da yake kallo a waya, ina cewa sai na sami lokacin da ya dace, alhali tsoron amsar da zan ji ne yake riƙe ni. Mun yi zaman a mako na uku da fara amfani da manhajar.

Ba gidana kaɗai ne wannan damuwa ta kai ga manhajar ba. Kowace shekara masu ita suna sanar da ayar da jama'a suka fi yi wa alama da turawa juna, kuma a 2020, shekarar annobar korona, Ishaya 41:10 ce ta zo kan gaba, wato inda Allah yake ce wa mutanensa kada su ji tsoro domin yana tare da su.

Amma akwai iyakoki da ya kamata iyaye su sani tun kafin su fara. Yawancin tsare-tsaren karatun da Turanci aka rubuta su, kuma da yawa daga cikin marubutansu suna magana ne daga rayuwar Amurka. Tsoron faɗuwa jarrabawa da tsoron kunya a gaban tsara iri ɗaya ne a ko'ina, amma yaron da ya taɓa kwana a gidan maƙwabta saboda tashin hankali a unguwa, ko wanda gabansa yake faɗuwa idan mahaifinsa ya hau hanya da yamma, yana ɗauke da wani nauyin da ba kowane marubuci daga nesa zai taɓo ba. Abin da muke yi shi ne mu karanta bayanin da Turanci, mu karanta ayoyin da Hausa, sannan ni ko mahaifiyarsu mu kawo misali daga rayuwarmu. Ina fata malamanmu da fastocinmu masu iya rubutu da Hausa za su tashi su rubuta irin waɗannan tsare-tsare domin matasanmu, gama su ne suka san abin da yake hana yaran nan barci.

Abu na biyu shi ne lissafin ranakun jere. Manhajar tana ƙirga kwanakin da mutum ya buɗe ta ba fashi, kuma wannan yana zaburar da wasu. Ɗana ya kai kwana 40, ni kuma na yi ta yabon lambar a gaban ƙannensa. Da aka ɗauke wuta kwana uku wayar ta mutu, lissafin ya koma farko, sai ya daina buɗe manhajar har mako biyu, yana ganin duk abin da ya yi ya tashi a banza. Kuskuren nawa ne, domin na yaba lamba na bar abin da ya koya, na kuma ƙara masa wani sabon abin tsoro a kan waɗanda yake da su. Yanzu ba ma maganar lambar a gida, kuma idan wani ya tsallake rana sai ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Sai kuma ita wayar kanta. Wayar da ayar ranar take shigowa da safe ita ce WhatsApp da TikTok suke ciki, kuma matashin da ya saba jan ƙafa zai iya shiga don karatun minti goma ya fito bayan awa ɗaya bai karanta ba. Mun daidaita cewa ana yin karatun ne a falo bayan abincin dare, a kashe data idan ba rubutu za a tura ba. Yaran da suke makarantar kwana, inda ba a yarda da waya ba, ba za su amfana da ita ba sai lokacin hutu, don haka Littafi Mai Tsarki na takarda yana nan a matsayinsa. Haka kuma idan tsoron yaro ya kai ga rashin barci, ƙin abinci, ko ƙin fita cikin mutane na tsawon makonni, wannan ya wuce aikin manhaja, a haɗa da fasto a kuma kai shi wurin likita.

Ina ba iyayen da suke da matasa a gida shawarar su gwada ta, da sharaɗin cewa uba ko uwa za su shiga tsarin da kansu, su rubuta nasu tunanin da gaskiya, su fara da na kwana 3 ko 5 kafin su yi tunanin na shekara. Idan aka miƙa wa yaro wayar aka ce je ka karanta, to an ƙara masa wani aikin da zai ɗage zuwa gobe ne kawai. A gidanmu mun ari tsarin manhajar mun ɗora a kan lissafi: tambayoyi biyar na jarrabawar shekarun baya kowane dare, ina zaune kusa da ita ina duba nawa aikin, idan ta kuskure mu sa alama ta kai wa malaminta washegari. Har yanzu akwai daren da take cewa gabanta yana faɗuwa, sai mu yi addu'a a taƙaice ta ɗauki biro. Jiya da dare ta kai shafi na 62 a littafin da ya yi wata huɗu a ƙarƙashin katifarta.