Malafar da muka raina, a nan doka ce

Assalamu alaikum jama'ar gida, na Garwa da Marwa da Ngaundare, da 'yan'uwa na ƙetaren gada a Injamena.

Kusa da kantin maganin da nake aiki a Birisben, nan ƙasar Ostireliya, akwai wata makarantar firamare. Da an tashi hutun cin abinci sai ka ga yara sun fito kowa da hula mai faɗin baki, kamar malafa amma ta yadi, da igiya a ƙarƙashin haɓa. Wanda ya manto tasa a gida ba a dukansa, ba a zaginsa. Malama za ta nuna masa rumfa, can zai zauna yana kallon 'yan'uwansa har a koma aji. Babu hula, babu wasa, dokar ke nan. A bakin ƙofar aji kuma ga galan na man kare fata daga rana, mai famfo a kai, kowane yaro ya matsa ya shafa kafin ya fita.

Ba na iya kallon yaran nan ban tuna zabiyoyinmu ba. Yarinya 'yar shekara takwas tana tallan gyaɗa a tasha cikin zafin watan Afrilu, wuya ja jawur, leɓen ƙasa ya tsage, gefen kunne ya yi ɓawo kamar bayan kifi, tana ƙanƙance ido. Kowa ya wuce ta, babu mai ganin cewa ɓawon nan shi ne farkon sankarar fata, wato ciwon daji na fata.

Mutanen Ostireliya wuya ce ta koya musu. Kusan biyu cikin uku na 'yan ƙasar sai an gano musu wani nau'in sankarar fata a tsawon rayuwarsu, shi ya sa tun 1981 suke gangamin riga da mai da hula. Mu kuwa mun ce ciwon Turawa ne. Gaskiya ne baƙar fata garkuwa ce babba, amma ba ta rufe kowa ba. Zabiya ba shi da ita sam, kuma sankarar fata na cikin manyan abubuwan da ke kashe su da ƙuruciya a Afirka. Sai mai tsohon gyambo ko tabon ƙunar wuta, wanda bayan shekaru masu yawa bakin ciwon kan yi tudu, ya riƙa jini da wari, ya rikiɗe ya zama daji. Sai kuma irin wanda ke fitowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce, wanda ba ruwansa da rana, kuma a cikin nau'in sankarar da ake kira melanoma shi ya fi kama baƙar fata. Shi ne ya kashe mawaƙin nan Bob Marley a 1981 yana da shekara 36, daga babban yatsan ƙafa ya faro. Iyayenmu mata, lalle yana ɓoye shi. Kafin a ƙunsa a duba farce da tafin ƙafa: baƙin layi a farce ɗaya da ke ƙara faɗi yana malala kan fata, ko tawadar Allah da ta canza girma ko launi, ba abin jira ba ne.

Tambayar da ta fi zuwa daga gida ita ce, wace ƙwaya ko wane ganye za a aiko? Wallahi kantunan nan cike suke da robobin ƙarin abinci, layi guda cur, da hoton ganye kore shar a jiki, kuma abin yana ba ni haushi, don yawancinsu kuɗi kawai suke ci. An gwada sinadarin seleniyam, maikirogiram 200 kullum, bai hana ba, har ma wani nau'in sankarar ya ɗan ƙaru ga masu shansa. An gwada bita-karotin, sinadarin da ke sa karas ja, bai hana ba, ga masu shan taba kuma ya ƙara haɗarin sankarar huhu. Bitamin D yana da amfani ga ƙashi, musamman ga namu da ke zaune a ƙasashen sanyi, amma ba rigakafin wannan ciwo ba ne.

Abu ɗaya ne ya tsaya da ƙafarsa, nikotinamaid, wani nau'in bitamin B3. A nan aka gwada shi kan mutum 386 da kowannensu ya taɓa yin sankarar fata aƙalla sau biyu cikin shekara biyar, aka fitar da sakamako a 2015. Miligiram 500 safe, 500 yamma, tsawon wata 12, sai sababbin sankarar da ba melanoma ba suka ragu da kashi 23 cikin ɗari. A lura da iyakarsa. Da an daina sha amfanin ya tafi. Ba ya warkar da wadda ta riga ta fito. Ba a kan zabiyoyi aka yi gwajin ba, kuma da aka maimaita shi kan waɗanda aka yi wa dashen gaɓa bai nuna amfani ba. Kada kuma a sayi ɗan'uwansa nayasin a madadinsa, wanda ke sa fuska ta yi zafi da ƙaiƙayi. Gyaɗa da kifi suna da B3, amma abin da jiki ke buƙata a yini kusan miligiram 16 ne kawai, don haka ƙuli-ƙuli ba zai kai ka 1000 ba. Mai ciki da mai ciwon hanta ko ƙoda, sai da izinin likita.

Zogale, habbatus sauda, kurkur, ganyen korosol da ake dafawa ana sha: wanda ya ci zogale ya ci abinci mai kyau, amma babu ɗaya a cikinsu da aka tabbatar yana kashe sankarar fata a jikin mutum. Man kaɗanya yana laushin fata, yana hana tsagewa a hunturu, amma kariyarsa daga rana ba ta taka kara ta karya ba. Shafa wa zabiya shi a tura shi gona cuta ce.

Kada ku ɗauka mutanen Ostireliya ma ba su da nasu bokayen. Akwai wani baƙin man shafawa da ake sayarwa a ɓoye ta intanet, haɗin saiwar wani tsiro da sinadarin zinki mai cin nama, hukumar magunguna ta ƙasar ta hana sayar da shi. Yana cinye saman ciwon, ya yi baƙin ɓawo ya faɗi, mai shi ya ce ya fita da saiwarsa, alhali saiwar tana can ƙasa tana tafiya ƙarƙashin tabo. Daidai abin da muke yi da jar kanwa da toka da ruwan batir da sakiya. Sai kuma maganar nan da ta hallaka mana jama'a, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Haba jama'a! Sankarar fata tana ƙarama, wuƙar likita ce maganinta: allurar kashe zafi, a yanke da ɗan gefen lafiyayyar fata, a ɗinke, a aika naman ɗakin gwaji, ƙasa da awa ɗaya mutum ya tafi gida. Abin da ke sa a ce ƙarfe ya tayar da shi, ba a kai mara lafiya sai bayan shekara guda ana jiƙe-jiƙe, kaluluwa ta riga ta fito a wuya ko matsematsi.

A nan, ɓawon nan da na faɗa na kunnen yarinya, likitan unguwa ma yana maganinsa. Ya haska da wani ɗan madubi mai fitila, ya fesa ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili na 'yan daƙiƙu, wurin ya yi bororo, cikin mako biyu ya bushe ya faɗi. In sun yi yawa a ba da man fulororasil mai ƙarfin kashi 5, safe da yamma na mako biyu zuwa huɗu. Fatar za ta yi ja ta saɓule kafin ta warke, kuma a nan mutane ke tsorata su daina. Mai ciki ba ta shafa shi. Ba kyauta ba ne duka, inshorar gwamnati ba ta cika biyan kuɗin gaba ɗaya ba, layin ganin babban likitan fata kuma sai ka yi watanni. Amma a tuna namu da sai ya sayar da akuya ya kama hanyar Yawunde ko Duwala.

To ga abin da ya fi cin raina. Hular da suka mayar doka, mu muka fi su iya saƙa ta. Malafar Bafulatani ta kaba ta fi tasu faɗi nesa ba kusa ba, amma yaron birni yana jin kunyar sa ta, ya gwammace hana-salla wadda ke barin kunne da ƙeya a fili, wuraren da ciwon ya fi fitowa. Ma'aunin da suke bi a nan, bakin hula ya kai santimita 7 da rabi ga babba, 6 ga yaro. A ɗaga malafar sama a kalli rana ta cikinta. In ana ganin ɗigo-ɗigon haske, tela ya yi mata shafi da baƙin yadi a ciki. Haka ake gwada riga ma. Yadi mai duhu mai matsattsiyar saƙa ya fi farar shara-shara, kuma jiƙaƙƙiyar riga kariyarta tana raguwa, masunta na Lagdo su ji. Babbar riga, rawani, hijabi mai kauri, duk garkuwa ne. Hasken da ke yin ɓarnar ba zafi ba ne, ba a jin sa, don haka sanyin hunturu da hazo ba su ne izinin fita kai babu komai ba. Daga hantsi zuwa la'asar zabiya ya kasance a inuwa. Ba a ba shi talla, ba a ba shi kilando, ba a tura shi tsinkar auduga. A zaunar da shi a shago, a makaranta kuma a layin gaba saboda idonsa.

Man rana na wurin da tufafi bai rufe ba ne: fuska, leɓe, kunne, ƙeya, bayan hannu, saman ƙafa. A nemi mai lamba SPF 50, lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa. Cokalin shayi ɗaya ga fuska da wuya da kunne, ɗaya ga kowane hannu ko ƙafa da ke waje, minti 20 kafin fita, a sake bayan awa biyu, da bayan gumi, da bayan kowace alwala. Yawancin mutane rabin wannan suke shafawa don ya daɗe, sai kariyar ta zube. Su ma nan ba a rasa algus ba: a 2025 wata ƙungiyar kare masu saye ta gwada iri 20, 16 ba su kai lambar da ke jikinsu ba. Shi ya sa na fi yarda da malafa da inuwa. Mata masu bilicin su ma su sani garkuwarsu suke kankarewa, gwamnatin Kamaru ta hana irin waɗannan mayukan tun 2022 amma suna nan a kasuwa.

Masu aiko saƙo daga waje, ku duba ranar lalacewa kafin ku saya, ku ba matafiyi ya riƙo a jaka, kada ya bi kwantena. Man yana lalacewa in zafi ya wuce digiri 30, kun kuwa san ɗakin kwano a Garwa. A gida a ajiye shi a gindin randa. In an matsa aka ga ruwa daban mai daban, ya mutu, a zubar.