Gwajin hayaƙin mota a Abuja: na'urar na faɗin gaskiya, bayanin ne ya yi ƙaranci

Shekarun mota ba su ne ke kayar da ita a gwajin hayaƙi ba. Peugeot 504 mai kafireto, in an saita ta da kyau, tana iya fitar da sakamakon da ya fi na Camry ta 2008 da aka cire wa tamostat aka kuma sayar da indominta, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa. Duk da haka, da yawa cikin masu tsofaffin motoci a Abuja, daga direbobin tasi na Area 1 da Berger zuwa ma'aikacin da ke lallaɓo Accord ɗinsa daga Kubwa kowace safiya, suna ɗaukar gwajin a matsayin wani harajin da aka ƙaƙaba musu, ko tarkon da aka ɗana don a raba talaka da motarsa. Ƙorafinsu ba ya rasa tushe, amma a ganina ba gwajin ya kamata su yi wa fushi ba, sai yadda ake gabatar da shi.

Batun ba sabo ba ne a doka. An kafa NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa, a 2007, kuma tun 2011 akwai ƙa'idojin ƙasa kan hayaƙin injinan fetur da na dizal. A Abuja, mai mota yakan ci karo da gwajin ne a cibiyoyin duba mota da kwamfuta, inda ake haɗa shi da gwajin birki da fitilu da ƙafafuwa kafin a ba da takardar shaidar lafiyar mota, aikin da ke ƙarƙashin VIO masu hedikwata a Mabushi. Akwai kuma garejoji masu zaman kansu da suka mallaki na'urar, inda mutum zai iya zuwa don raɗin kansa. Na'urar iri ɗaya ce a ko'ina, bambancin yana hannun wanda ke riƙe da ita.

Aikin bai wuce minti goma ba in an yi shi daidai. Dole injin ya ɗauki zafinsa, wato baƙin mai ya kai wajen digiri 80. A kashe AC da fitilu. Mai gwajin zai fara barin na'urar ta shaƙi iska mai tsafta don ta dawo sifili, sannan ya zura bututunta cikin salansa aƙalla santimita 30. Za a ɗauki karatu a silo, wato injin na aiki ba a taka totur ba, sai a taka totur a riƙe injin tsakanin juyi 2,500 da 3,000 a minti ɗaya a sake ɗauka. Abin da ke fitowa a takarda lambobi ne guda biyar: CO, HC, CO2, O2, da lamda.

Waɗannan lambobin su ne abin da mutum ya biya kuɗi dominsu, kuma su ne aka fi barin sa ya tafi bai fahimta ba. CO, wata iska mai guba, yana nuna fetur ya yi wa iska yawa. Motar injekta mai lafiyayyen indomi, in ta yi zafi, takan nuna ƙasa da kashi 0.5 cikin ɗari, sau da yawa ma ƙasa da 0.2. Mai kafireto da aka saita da kyau takan tsaya tsakanin kashi 1 da 3. HC fetur ne da ya fito ɗanye bai ƙone ba, ana auna shi da ppm, wato kashi cikin miliyan. Ƙasa da 100 a motar injekta lafiya ce, in kuwa ya haura zuwa ɗaruruwa masu yawa ko ya wuce 1,000, to akwai silindar da ba ta cin wuta yadda ya kamata. CO2 shi ake so ya yi yawa, wajen kashi 13 zuwa 15, domin shi ne shaidar ƙonuwa ta kammala. O2, wato iskar oksijin da ta rage, kada ya wuce kashi 1. Lamda kuwa ita ce ma'aunin haɗin iska da fetur: injin fetur yana son kilo 14.7 na iska a kan kilo 1 na mai, wannan shi ne lamda 1, kuma daga 0.97 zuwa 1.03 ba laifi.

Ga inda lissafin ke shiga aljihu. Motar da ke nuna CO wajen kashi 5 tana kusa da lamda 0.85. In haka haɗin yake a duk tafiyarta, to a cikin kowace lita 50 da aka sha, wajen lita 7 da rabi ba su da wani aiki sai fita ta salansa da wanke baƙin mai daga jikin silinda. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, babu direban Nyanya ko Mararaba da zai raina lita 7. Wannan shi ne bayanin da ya kamata a riƙa yi wa mai tsohuwar mota a bakin kanta, ba a miƙa masa takarda kawai a ce ya faɗi ba.

Maganar da aka fi ji daga masu motocin ita ce, "Malam, duba da idonka, motata ba ta hayaƙi." Gaskiyarsu a abin da ido ke gani, amma CO ba shi da launi ba shi da wari. Yana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da ɗoriya, shi ya sa direban da salansarsa ta ɓule a ƙarƙashin kujera, ya shafe awa biyu a cunkoson AYA zuwa Nyanya da gilasai a rufe, yake sauka da ciwon kai da jiri ya ɗauka gajiya ce. Mai sayar da ruwa a tsakiyar titi da yaron da aka goya a bayan babur su ma abin da suke shaƙa ke nan. Hayaƙin da ido ke gani kuwa ba ya buƙatar na'ura: baƙi mai ne ya yi yawa, shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa ta ringi ko robar bawul, fari mai kauri da ba ya yankewa bayan injin ya yi zafi ruwan lagireto ne ke shiga ta gaskit.

Abin da ya fi kayar da tsofaffin motocin injekta a garin nan, ba tsufa ba ne, gyaran da muke yi musu ne. Da mota ta iso daga Kwatano ko Legas, shawarar farko da mai ita ke ji wurin kanikawan Apo ko Kugbo ita ce a cire tamostat, wai don ƙasar sanyi aka yi shi, a kuma yi wa fanka dairek, wato a jona ta yadda za ta riƙa juyawa ba tsayawa. Tamostat a yawancin waɗannan motocin yana buɗewa ne tsakanin digiri 82 da 88, kuma aikinsa ya riƙe injin a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki. In aka cire shi fanka kuma tana juyawa ba tsayawa, injin kan zauna ƙasa da zafinsa, sensar zafin ruwa ta riƙa gaya wa biren bos, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, cewa har yanzu da sanyi, shi kuwa ya ci gaba da ƙara mai kamar yadda yake yi da asuba. Sakamakon shi ne CO sama, filogi baƙi ƙirin, tanki na zurarewa. In mota tana zafi fiye da kima, matsalar tana lagireto da ya toshe, ko famfon ruwa, ko murfin lagireto, ko fankar kanta. Nan za a nema.

Na biyu sensar oksijin da ke jikin salansa kusa da injin. Mai lafiya tana kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9 ba ƙaƙƙautawa. Da ta tsufa sai ta yi nauyi ko ta tsaya wuri ɗaya, biren bos ya koma yin kintace. Fitilar cek-injin takan kama a lokacin, amma an saba a cire ƙwanta ko a liƙe ta da baƙin tef kafin a sayar da mota. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba, in fitilar ba ta kama tare da sauran ba, an taɓa ta. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996, da na fetur na Turai daga 2001, suna da soket ɗin OBD da ake jona kwamfutar bincike. Ita kuwa lambobin matsala take fitarwa: P0172 mai ya yi yawa, P0171 iska ta yi yawa, P0300 wuta na tsallake, P0128 injin ba ya kai zafinsa, P0420 indomi ya gaza. Gareji mai kyau yakan haɗa karatun salansa da na kwamfuta, domin kowane ɗaya shi kaɗai rabin labari ne.

Sai indomin. A cikinsa akwai filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa yake da masu saye, kuma shi ya sa motoci da dama ke yawo da gwangwaninsa fanko, wasu da sanin mai motar, wasu ba da saninsa ba. Ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300. Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne a ga mota ta faɗi gwaji a garzaya Gudu ko Zuba a sayo wani indomin kafin a gyara abin da ya kashe na farko. Injin da ke zubo ɗanyen fetur ko yake shan baƙin mai zai narkar ko ya toshe sabon cikin 'yan watanni. Shi ne na ƙarshe a jerin gyara, ba na farko ba. A fara da masu araha: filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri, sai filogi da wayoyinsu ko koyil, tamostat, robobin iska da suka tsage, wanke nozul, sannan sensa. Mota da yawa a nan take dawowa hanya.

Masu kafireto nasu ya fi sauƙi, kuma su ne suka fi cin ribar na'urar. Bakanike na iya barin bututun a cikin salansa ya riƙa juya sukurun haɗi a hankali yana kallon CO na sauka, ya tsaya daidai inda HC ya fara hawa, ya ɗan koma baya. Saitin kunne ba ya kai wannan. Wanda ke zirga-zirga zuwa Jos ya sani cewa a tudun da ya kai wajen mita 1,200 iska ta fi ta Abuja sirantaka, don haka kafireton da aka saita a nan zai ɗan ƙara shan mai a can. Su kuwa motocin dizal, na'urarsu daban ce: tana auna duhun hayaƙi ne yayin da aka taka totur da ƙarfi sau da dama a tsaye. Kada mai tsohuwar Hiace ko Hilux ya yarda a yi masa wannan sai ya tabbatar da lafiyar bel ɗin tayamin da yawan baƙin mai, domin bel da ya gaji yana iya tsinkewa a nan.

Raunin hidimar, a duk inda aka same shi, iri ɗaya ne. Mota ta yi layi a kashe har ta huce, a gwada ta haka nan, ta faɗi ba da laifinta ba. Maganin wannan a yi tafiyar minti 15 zuwa 20 a babban titi kafin a shiga, kuma kada a kashe injin a layi in zai yiwu. Ko kuma a gwada mota mai tsafta nan take bayan wata mai ɗanyen fetur, ragowar HC na cikin tiyon na'urar ya hau kan marar laifi. Mai mota na da damar cewa a bar karatun ya sauka tukuna. Akwai kuma akasin haka, inda ake zura bututun rabi don mota ta wuce. Ana gane wannan a takardar: in aka haɗa CO da CO2 suka gaza wajen 13, O2 kuma ya yi sama, to iskar waje ce ta shiga, ko ta ɓulin salansa ko ta hannun mai gwaji. Irin wannan cin gwajin bai rage wa mai motar ko lita ɗaya ba.

Wurin da ya cancanci kuɗin mutum shi ne wanda zai taɓa injin ya ji zafinsa kafin ya fara, ya ba da takarda mai ɗauke da lambobin biyar a silo da kuma a sama, tare da iyakar da aka auna motar da ita, ya ba da rasit, sannan ya tsaya minti biyu ya ce, "Alhaji, CO ɗinka ne ya hau, ka sa a duba maka tamostat da sensa." Inda ba a ba da lambobi sai kalmar ci ko faɗuwa, hidimar ba ta cika ba, kuma irin wannan ne ke sa masu tsofaffin motoci su ƙi gwajin gaba ɗaya. Ga duk mai motar da ta haura shekara goma sha biyar, shawarata ya yi gwajin a gareji mai na'ura makonni biyu kafin takardunsa su ƙare, ya adana takardar sakamakon, ya sake gwadawa bayan gyara a kan na'ura ɗaya don ya ga ko lambobin sun motsa kafin ya biya bakanike cikon kuɗinsa.