Sharhi: kama wurin kafa tanti a dajin gwamnati a Kaliforniya

Duk mai son fita da iyali kwanan daji a Amurka lokacin zafi, ya san cewa wahalar tana farawa tun a gida, gaban kwamfuta. Yawancin sansanonin gwamnatin tarayya ta shafin Recreation.gov ake kama su, kuma da yawa ana buɗe su ne wata 6 kafin ranar zuwa. Mu da ke gaɓar yamma, ƙarfe 7 na safe ake sakin gurabe. Ka tsaya shan shayi, ka dawo ka tarar an wawashe. Shafin kansa ba laifi: akwai taswira, da hotunan gurabe da yawa, har za ka ga ko akwai inuwa.

Mun samu wuri a wani sansani cikin duwatsun Siyera Nebada. Teburin katako, murhun ƙarfe, da akwatin ƙarfe mai nauyi na ɓoye abinci saboda beyar daji. Mai kula da sansanin, wata dattijuwa da ke zaune cikin motarta mai ɗaki, ta ce har man goge baki da turaren uwargida sai sun kwana a cikin akwatin. Sanyin asuba kuwa, alwala sai an ɗumama ruwa.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne guraben da babu kowa. A intanet an ce ko'ina ya cika, amma ga gurbi kusa da namu, katin wanda ya kama shi maƙale a jikin sanda da kwanan wata, ba tanti ba mota har ƙarshen mako. Mutane sukan kama kwanaki da yawa don kawai su tabbatar da Asabar da Lahadi. Ƙa'idar shafin ta ce wanda bai zo ba ya rasa kuɗin daren farko, a ƙara masa dala 20. Ga mai hali, wannan ba komai ba ne. Na ga wani magidanci da yara a mota yana zagayawa yana tambaya, ya juya ya tafi. Shi ya sa na ga dacewar dokar da jihar Kaliforniya ta fara aiki da ita a 2024 a nata wuraren shaƙatawa, wadda ta tsaurara wa masu kama wuri su ƙi zuwa, ta kuma taƙaita zama zuwa dare 7 a jere lokacin cunkoso.

Iyakar kwana 14 da ake sawa a yawancin filayen tarayya kuwa, ban ga aibinta ba, ko da yake wasu na ƙorafi. Mai son dogon zama yana da inda aka ware masa, kamar La Posa kusa da Quartzsite a Arizona, inda izini ɗaya ke kai mutum daga 15 ga Satumba zuwa 15 ga Afrilu.

Zan koma, amma a tsakiyar mako a watan Satumba, bayan yara sun koma makaranta.